Kiwon hawainiya a gida: tambayoyin da ake ta yi min kan keji da ruwa da abinci

Tunda mutane suka fara ganin hawainiya cikin keji a tsakar gidana tambaya ba ta ƙarewa, wasu da tsoro suke yi wasu kuma so suke su gwada kiwon, shi ne na ce bari in tara waɗanda aka fi maimaitawa in amsa gaba ɗaya. Da irin tamu ta gida na fara, daga baya na samu irin ta ƙasar Yaman.

Malam wai ba ta da dafi? An ce in ta ciji mutum ko ta tofa masa yawu shikenan

Ba ta da dafi ko kaɗan, dukkanmu da wannan maganar aka taso mu amma ba haka abin yake ba. In ka matsa mata za ta kumbura jiki ta yi duhu ta buɗe baki tana huci, toh wannan tsoro ne take ji ba wai hari za ta kawo maka ba, babba in ta kama yatsa akwai ɗan zafi amma iyakarsa kenan. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ƙwayar cutar salmonella da ake samu a kashin dabbobi masu jan ciki irin su ƙadangare da kunkuru, don haka duk wanda ya taɓa ta ko ya share kejin ya wanke hannu da sabulu, musamman yara kafin su ci abinci.

Wace iri ake kiwo, duk ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, nau'in hawainiya ya haura 200 a duniya kuma kusan rabinsu a Madagaska suke. A wajenmu wadda aka fi gani ita ce ta Sahel, Chamaeleo africanus a sunan kimiyya, daga arewacin Najeriya da Nijar da Chadi har Sudan, sai kuma ta Senegal wadda ta fi ta ƙanƙanta, ita ce ake kwasa da yawa daga Togo da Benin da Ghana ana kaiwa Turai da Amurka. Wadda masu kiwo a duniya suka fi riƙewa ita ce ta Yaman, asalinta Yaman da kudancin Saudiyya, mai wani abu kamar hula a ka, namijinta yakan kai santimita 50 zuwa 60 har da wutsiya kuma in ya samu kula yana yin shekara 6 zuwa 8, macen ba ta kaiwa haka. Duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ma'ana ba a tsallaka iyakar ƙasa da su sai da takardar izini.

Na tsinci ɗaya a gona, in kawo ta gida?

Gaskiya shawarata a'a, sai dai in ka riga ka haɗa keji ka tanadi ƙwari kuma ka san za ka iya. Wadda aka kamo daga daji tana zuwa da tsutsar ciki, a daji jikinta na iya ɗauka amma da zarar ta shiga damuwar keji sai tsutsar ta fi ƙarfinta. Kuma sau da yawa wadda ka gani ta sauko ƙasa tana tsallaka hanya mace ce mai neman inda za ta binne ƙwai, ka ga in ka ɗauke ta ba ita kaɗai ka ɗauke ba. Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, duk wanda zai sa rai a keji ya tuna da wannan kafin ya rufe ƙofar.

Wane irin keji zan yi, akwatin gilashi na kifi zai yi?

Ba zai yi ba, kuma wannan tambayar tana taɓa ni don da shi na kashe ta farko. Akwatin kifi na samu na zuba yashi na sa reshe ɗaya da kwanon ruwa, ina ganin na yi mata gata, sai ta wuni tana kartar gilashin da ƙafa tana neman hanyar hawa sama, ko ruwan kwanon ba ta taɓa kalla ba, cikin sati uku idanunta suka faɗa ciki, wata safiya na same ta a ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Har yanzu in na tuna abin yana damuna, don ba cuta ce ta kashe ta ba rashin sanina ne.

Hawainiya dabbar saman bishiya ce, tsayi take so ba faɗi ba, kuma tana son iska na ratsawa. Ga babba ka yi keji mai faɗin santimita 60, zurfi 60, tsayi 120, wato ƙafa biyu da biyu da huɗu in kafinta za ka yi wa bayani. Firam na katako ko na alminiyam, a zagaye shi da raga irin ta taga, saman kuma dole ragar ƙarfe ce saboda zafin fitila. Ka sa hannu ka shafa ko'ina ka tabbatar ba bakin waya da ya fito don yana yanka musu yatsu. Ƙofa babba a gaba wadda hannunka biyu za su shiga. Ƙasan kejin a bar shi ba komai, faranti ko roba mai ɗan huji da bokiti a ƙarƙashi don ruwa ya riƙa sauka, kar a zuba yashi ko garin katako, tana iya haɗawa da shi in ta harbo ƙwaro ya toshe mata ciki. Sannan a ɗora kejin kan tebur yadda reshen sama zai kai tsayin idonka ko ya wuce, in tana kallon mutane daga sama hankalinta ya fi kwanciya.

Me zan sa mata a ciki?

Rassa da ganye, da yawa. Rassan gwaiba suna da kyau, a wanke a shanya, a ɗaura su a kwance hawa-hawa kamar tsani, kaurin kowanne ya zama yatsunta za su iya zagayewa, don ƙafarta kamar hantsaki take, yatsu biyu gefe ɗaya uku ɗaya gefen. Sai shuka mai rai a tukunya, ƙaramar ceɗiya ko fulawar nan mai yaɗo da ake kira pothos ko fulawar hibiskus. Ni har rama nake shukawa a bokiti in sa mata, dangin hibiskus ɗin ce ai, kuma da ka ga yadda take lafewa cikin ganyen za ka gane inda aka samo karin maganar nan hawainiyarka ta kiyayi ramata. Ma'aunin shi ne in ka tsaya gaban kejin sai ka ɗan duba kafin ka gano inda take, in ana hango ta daga bakin ƙofa toh ganyen bai isa ba.

Tumfafiya kar ta kusanci kejin, haka duk shukar da ba ka tabbatar da ita ba, don ta Yaman tana gutsurar ganye ta ci. Fulawar da ka sayo daga masu saidawa ka wanke ganyen sosai ka rufe ƙasar tukunyar da manyan duwatsu.

A ina zan ajiye kejin?

Inda ba hayaniya, ba bakin ƙofar da ake shiga da fita ba, ba kusa da murhu ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne maganin sauro, ko na fesawa ko na hayaƙi ko fiya-fiya, da turaren wuta, duk ɗakin da ake yin waɗannan ba wurinta ba ne. Ƙafafun teburin a sa su cikin gwangwani mai ruwa saboda cinnaka da tururuwa, kuma a kula da mage.

Mu da muke da rana kamar me, sai na sayi fitila?

Nan ne muka fi Turawa sa'a, amma fa sai an san yadda ake amfani da ranar. Hawainiya tana buƙatar wani sashe na hasken rana da ake kira UVB, da shi fatarta ke haɗa bitamin D3, da D3 ɗin kuma jikinta ke iya amfani da kalsiyam. In babu shi ƙashinta ke yin laushi a hankali, ƙafafu su lanƙwashe, haɓa ta yi taushi, harshe ya daina kaiwa inda ta harba, ta fara faɗowa daga reshe, kuma abin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa ko an yi magani. Wannan hasken ba ya ratsa gilashi, don haka ajiye ta jikin taga mai gilashi zafi kawai take sha ba amfani.

Abin da nake yi shi ne fitar da kejin hantsi, daga wajen ƙarfe 8 zuwa 10, in rufe rabin saman da buhu ko kwali yadda akwai rana akwai inuwa ita ta zaɓa. Za ka ga ta hau reshen sama ta baje jikinta kamar ganye ta juya gefe ɗaya ga rana ta yi duhu, can in ta ji ya ishe ta sai launin ya washe ta gangara cikin ganye. Ranar azahar kuwa a keji kisa ce, ko ta minti talatin. Wanda zai ajiye ta a ɗaki kullum dole ya nemi doguwar fitilar UVB irin T5 mai lamba 5.0 ko kashi 6, a ɗora kan ragar sama, tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakaninta da reshen, kuma a canza ta duk shekara ko da tana haske don ƙarfin UVB ɗin yana ƙarewa ido bai gani ba. Awa 12 a kunne awa 12 a kashe, da dare duhu take so sosai, kar a bar mata ko jan ƙwan fitila. In an ɗauke wuta na wasu awanni ba komai, ka fitar da ita hantsi washegari.

Zafi nawa take so, kuma ya zan yi da bazara da hunturu?

Wurin shan ɗumi a sama ya kai digiri 29 zuwa 32, sauran kejin 24 zuwa 27, da dare in ya sauka ƙasa da 20 ma ta fi so. Ka sayi ma'aunin zafi, ba tsada, kar ka auna da jikinka. Matsalarmu ba sanyi ba ce, watan Maris zuwa Mayu ne lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40. Wani zai ce ai tamu ta daji a nan take rayuwa, eh, amma a daji tana shigewa can cikin duhuwar bishiya inda ke da sanyi, a keji ba ta da wurin gudu. In ka ga ta yi fari-fari ta buɗe baki ta sauko ƙasa toh zafi ya yi yawa. A mayar da kejin ɗakin da ya fi sanyi, a jiƙa buhun algarara a rataya gefe ɗaya iska na bugawa, dabarar randa ce dai, a ƙara yawan feshi. Da hunturu kuma bushewa ce da ƙura, sai a rufe gefe biyu da leda, in sanyin safe ya yi yawa a kunna mata ƙwan fitila irin na da mai zafi daga wajen raga, ba a ciki ba don tana ƙonewa ba ta matsa ba.

Na sa mata ruwa a kwano ta ƙi sha

Ba za ta sha ba, ruwan da ke kwance ba ta ma gane shi a matsayin ruwa. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Ka samu robar feshi irin ta masu aski, sabuwa wadda ba a taɓa zuba magani ciki ba, ka fesa ganyen da asuba da kuma bayan magariba, kowanne aƙalla minti 2 zuwa 3, ganyen ake fesawa ba fuskarta ba. Sai kuma abin ɗigo, ni robar ƙarin ruwa nake saya a kemis in haɗa da gora a saman kejin in daidaita ta tana ɗis ɗis kan ganye. Kar ka yi gaggawa, takan ɗauki lokaci tana kallon ɗigon da ido ɗaya, sai ka ga ta fara motsa baki tana haɗiya, sannan ta matso a hankali ta sa baki gefen ganyen ta ɗaga kai sama ruwan na gangarawa.

In kana so ka san tana samun ruwa duba kashinta, akwai ɓangare mai duhu akwai fari, in farin ya fito fari toh lafiya, in ya koma ruwan lemo ruwa ya yi mata kaɗan. Kuma a bar kejin ya bushe da rana, jiƙa da zafi da rashin iska su ke kawo ciwon numfashi.

Me take ci, kuma sau nawa?

Ƙwari masu rai, wani ya taɓa tambayata ko zai ba ta soyayyar fara ta kasuwa, a'a, abin da ba ya motsi ba ta kula shi. Gyare, fara, kyankyaso na kiwo, tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kiwon kifi da kaji ke yi yanzu wadda ke da kalsiyam sosai, da shinge in damina ta faɗi amma kaɗan don yana da maiƙo. Girman ƙwaro kar ya wuce faɗin tsakanin idanunta. Ƙarama mai tasowa kullum ake ba ta, ƙanana 10 zuwa 15, babba kuwa ƙwaro 3 zuwa 5 rana ɗaya a tsallake ɗaya. Da safe ake bayarwa bayan ta sha ɗumi. Ina zuba su a kofin roba mai zurfi da na ɗaure ƙasa da reshen da take zama, za ka ga idanun nan biyu da kowanne ke kallon gabansa sun haɗu wuri ɗaya, bakin ya ɗan buɗe, kafin ka ƙifta harshen ya fita ya dawo, tsayinsa yakan kai kusan biyun jikinta. Gyaren da ya rage a cire shi kafin dare, yana gwaguyar ta in tana barci.

In kamo mata a gona ko a gida mana

A kiyaye sosai. Farar gonar da aka yi wa feshi guba ce, kyankyason bayan gida da na kicin ma haka, ba ka san me ya ci ba. Farar tumfafiya mai launi-launi da ƙwaron nan mai walƙiya da dare kar a ba ta ko ɗaya. Kiwon gyare ya fi kwanciyar hankali kuma ba wuya, babbar roba mai murfin raga, kiret ɗin ƙwai na kwali su ɓuya ciki, ƙaramin kwano da yashi mai danshi su yi ƙwai, da zafinmu cikin kamar sati biyu sun ƙyanƙyashe. Abin da ƙwaron ya ci shi hawainiya ta ci, don haka kwana ɗaya kafin ka bayar ka cika musu ciki da ganyen zogale da karas da kabewa da dankalin Hausa, ba dusa kaɗai ba.

Hodar nan da ake barbaɗawa dole ce?

Dole ce, gyare da fara ba su da isasshen kalsiyam. Hodar kalsiyam zalla marar D3 kusan duk ciyarwa, a sa ƙwarin a leda a ɗan girgiza su yi fari kaɗan ba kamar an tsoma su a fulawa ba. Mai D3 sau 2 a wata, bitamin na dabbobi masu jan ciki shi ma sau 2 a wata. Wadda ke shan hantsi kullum ba ta buƙatar D3 ɗin sosai, yawansa ma illa ne. In hodar ta yanke maka, ɓawon ƙwai da aka tafasa aka shanya aka daka ya yi laushi kamar kwalli zai riƙe ka.

Zan iya haɗa biyu kar kaɗaici ya dame ta?

A'a. Ɗaya a keji, ko mace da namiji ne, ko ganin juna ma kar su riƙa yi.

Yarana suna so su riƙa ɗaukarta

Dabbar kallo ce ba ta ɗauka ba, ba ta sabo irin na mage. In ya zama dole a sa hannu a gabanta ƙasa-ƙasa ta hau da kanta, kar a kamo ta ta baya kuma kar a fizge ta daga reshe, farcenta na cirewa yatsa na karyewa. Yara a ba su aikin feshi da ƙirga ƙwari, nawa sun fi jin daɗin wannan ma.

Da gaske tana rikiɗa ta zama launin duk abin da ta hau?

Ba haka ba ne, launin yana bin zafi da haske da halin da take ciki, kuma kowane nau'i da iyakar launukansa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba suka nuna cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar lu'ulu'u a fatarta da tazararsu ke canzawa sai launin ya canza. Amfaninsa gare ka shi ne karanta ta, kore mai haske tana lafiya, duhu da safe ɗumi take nema, duhu wuni guda akwai abin da ke damunta. In ta yi fari-fari fatar na tashi kamar takarda saɓa take yi, a bar ta kar a ɓare mata.

Mace ce da ni ba namiji, sai na ga tana tonon ƙasa

Ƙwai za ta yi, suna yi ko ba namiji kamar kaza, ta Yaman takan zuba 20 zuwa 70 a lokaci ɗaya. A sa mata bokiti da yashi mai danshi zurfin santimita 20 zuwa 30, danshin da in ka tona rami ba zai rufta ba, a rufe kejin da zane a daina leƙe, in ta ga ana kallonta tana barin ramin ƙwan ya maƙale mata kuma wannan yana kashewa. Yawan abinci da yawan zafi su ke sa ta yin ƙwai da yawa har ta ƙare da wuri.

Ta yaya zan gane ba ta da lafiya?

Suna ɓoye ciwo sosai, kafin ka gani ya yi nisa. Rufe ido da rana shi ne babba, lafiyayya ba ta barcin rana. Sai faɗawar ido, zaman ƙasan keji, riƙo ba ƙarfi, kumfa ko yauƙi a baki, ɗaga hanci sama tana numfashi da ƙara, ƙin abinci fiye da sati. In ka ga ɗaya daga ciki ka nemi likitan dabbobi ka tafi da sabon kashinta a leda a duba tsutsa, kar ka ɗura mata maganin kaji ko na mutane.

In na ga ba zan iya ba, in sake ta kawai?

In tamu ce ta gida kuma lafiyarta ƙalau, ka mayar da ita inda aka kamo ta, da damina ya fi lokacin akwai ganye da ƙwari, nesa da titi da gonar da ake feshi. Ta Yaman kuwa ba a sakinta, a Florida da Hawaii waɗanda suka kuɓuce daga hannun masu kiwo sun yaɗu a daji sun zama matsala, sai dai ka nemi wani mai kiwo ka ba shi har da kejin. Ta gidan in za ka sake ta ka je da sassafe, ka kai hannunka jikin reshe mai ganye ka tsaya, kar ka tura ta, za ta miƙa ƙafa ɗaya ta ɗan yi gaba ta ɗan yi baya kafin ta kama, wutsiyar ce ƙarshen abin da zai saki yatsanka.